Kakata da Ciwon Tsuntsu

Kakata ungozoma ce. A Bogo, inda aka haife ni, da wuya ka shiga gidan Bahaushe ka rasa wanda ita ta yanke wa cibiya, Fulanin unguwa ma sukan aiko a kira ta. Gajeriya ce, baƙa, mai manyan hannuwa kamar na namiji. Kakanninmu fatake ne da suka zo da goro da tufafi daga yamma suka zauna, amma ita ko allura ba ta taɓa sayarwa ba. Abin da ta gada wurin uwarta wata 'yar jakar fata ce. A ciki akwai ƙaramar aska, da zaren saƙa, da ƙullin wani gari baƙi-baƙi da take barbaɗa wa cibiya don ta bushe da wuri. Na san abin da ke cikin garin, don na sha ganin tana haɗa shi: toka, da busasshen kashin saniya da take dakawa lukui, da 'yar ƙasar gindin murhu.

Ba ta tsoron jini, ba ta tsoron ɗan da ya zo ta ƙafa. Abu ɗaya take tsoro, shi ne tsuntsu. Haka ake kiran ciwon a wurinmu, Fulani ma sonndu suke ce masa, ma'anar ɗaya ce. Jariri zai zo lafiya lau, ya yi kwana huɗu ko biyar yana tsotso, sai rana ɗaya ya ƙi nono. Bakinsa ya ɗaure, hannuwansa su dunƙule, bayansa ya lanƙwashe kamar baka. Kafin a kwana biyu an kai shi makwanci. Kaka ta yi imani wani tsuntsu ne da ke gilmawa ta saman gida da almuru, in inuwarsa ta faɗa kan jariri ko kan tsummansa da aka shanya, shi ke nan. Ba kowa ya yarda da ita ba. Wasu tsofaffi sun ce iska ce ke shafar yaro, wasu sun ce sanyi ne ya shiga ta maɗiga, wasu kuma nonon uwa suke ɗora wa laifi. Kowa da nasa bayanin, amma ba wanda ya taɓa nuna mini yaron da ya kamu ya tashi.

Da na yi cikin fari, sai aka mayar da ni Bogo goyon ciki kamar yadda aka saba. Kaka ce ta karɓi haihuwar. Namiji ne. Ranar kwana shida ya saki nono.

Ba abin da ba a yi masa ba. Kaka ta turara shi da tazargade da gashin tsuntsu har ɗakin ya cika da hayaƙi. Wanzami ya zo ya yi masa 'yan tsage a goshi da ƙirji. An kawo rubutu, ana ɗiga masa da auduga, yana gangarowa ta gefen baki don ba hanyar shiga. Gwaggona ta sa na tatsa nono a ludayi, ta jefa tururuwa a ciki, wai in ta mutu nonon ne mai dafi. Tururuwar ta mutu. Duk matan ɗakin suka zuba mini ido.

Kaka ta karɓe ludayin ta watsar a waje. Ta ce, "Tururuwa ko a ruwan randa kika jefa ta za ta nutse. Ku bar mini yarinya."

An raɗa masa suna da safe, washegari da hantsi ya koma. Da yake ɗan fari ne, kunya ba ta bar ni na yi kuka a gaban mutane ba. Nakan shiga bayan gida lokacin wankan jego, in bar tururin ruwan zafi ya rufe mini fuska.

Bayan shekara biyu na sake samun ciki. Lokacin muna zaune a Garuwa, maigidana yana da rumfar atamfa a babbar kasuwa. Wata tara na kamawa sai ga Kaka ta sauko daga motar kaya, da jakarta a hammata, ƙafafunta sun kumbura saboda doguwar tafiya. Ta ce wannan karon ido da ido za su yi da tsuntsun.

Ta shirya kuwa. Ta toshe 'yar tagar ɗakina da tsumma. Ta sa wuƙa a ƙarƙashin shimfiɗa. Ta hana a bar tsumman jariri a igiya bayan la'asar. Da rana ta yi sanyi takan zauna a tsakar gida da faifai a hannu tana kallon sama, ko balbela ce ta gilmo daga wajen kogin Binuwai sai ta buga faifan ta kore ta. Na haifi mace ranar Talata da walaha. Kaka ta yanke cibiya, ta ɗaure, ta barbaɗa garinta, ta yi addu'a. Kullum safe da yamma takan gasa cibiyar da ɗumin kasko ta ƙara garin.

Ranar Lahadi, ana jibi suna, mata suka taru suna surfe da daka a tsakar gida. Na sa yarinyar a nono, ta kama kamar za ta sha, sai ta saki. Na sake gwadawa. Bakinta ya ƙi buɗuwa. Fuskarta ta yamutse, leɓunanta suka ja gefe kamar mai murmushi, irin murmushin da na taɓa gani sau ɗaya ba na fatan sake gani. Na kira Kaka. Ta shigo, ta duba, ta zauna a bakin gado.

Muna cikin haka maƙwabciyarmu ta yi sallama. Kirista ce daga duwatsun arewa, tana aikin jinya a asibiti, tana haya a gidan da ke jikin namu. Madam muke ce mata, ita kuma Dada take ce wa Kaka, wato uwa da Fulatanci. Fulatanci ya fi zama a bakinta, Hausarta ta kasuwa ce, amma muna fahimtar juna. Barka ta zo yi, da sabulu biyu a hannu. Tana leƙa yarinyar sai ta ajiye sabulun a ƙasa. A daidai lokacin aka buga taɓarya a waje, jikin yarinyar ya sandare, bayanta ya tashi daga shimfiɗa. Aka sake bugawa, ta sake sandarewa.

Madam ta fita da gudu ta ce wa matan, "Ku tsaya! Kar wanda ya ƙara daka!"

Da ta dawo, Kaka ta dube ta ta ce, "Ke ma kin san tsuntsu ba ya son ƙara."

"Na sani, Dada. Ba ya son haske kuma. Ba ya son a taɓa yaro."

"Haka ne," in ji Kaka. "Na daɗe da lura."

"A ba ni ita mu tafi asibiti yanzu."

Mai jego ba ta fita kafin suna, balle jaririyar da ba a raɗa wa suna ba. Surukata ta faɗi haka daga bakin ƙofa. Kaka ba ta ko waiwaye ta ba, Madam take kallo.

"'Yar nan, faɗa mini tsakaninki da Allah. Kin taɓa ganin wanda ya tashi?"

"Na gani. Ba da yawa ba, amma na gani."

Kaka ta dubi yarinyar. Sannan ta ce, "Ni shekara arba'in ban ga ko ɗaya ba." Ta juyo gare ni. "Ɗauki mayafinki."

Aka aika kasuwa aka kira maigidana, ya zo da taksi. Madam ta naɗe yarinyar a zane har fuska, ta roƙi direban ya kashe rediyo, ya bi a hankali, kada ya yi oda ko akuya ce ta tare hanya.

A asibiti wani ɗaki aka kai mu a can ƙarshen baranda, nesa da hayaniya. An rufe tagoginsa da barguna, da tsakar rana ma sai idonka ya saba kafin ka ga gabanka. Likitan dattijo ne daga kudu, Faransanci kawai yake ji, Madam ce ke yi mana tafinta. Ya wanke cibiyar tas, ya yi wa yarinyar allurai, ya toshe mata kunnuwa da auduga. Sannan ya ɗauko wani siririn bututun roba, bai kai kaurin tsinken tsintsiya biyu ba, ya zura mata ta hanci. Na kau da kai. Kaka kuwa har ta matso.

"Ina yake zuwa?" ta tambaya da raɗa.

"Ciki," in ji Madam. "Tunda baki ya rufe, ta nan za ta ci. Ta nan za mu ba ta maganin da zai sa jikinta ya saki, ta yi barci."

Aka ba ni kofi aka ce in tatsa. Na ce nonona fa an taɓa cewa yana da dafi. Madam ta fassara wa likitan, ya girgiza kai, ya nuna kofin, ya nuna yarinyar. Ina kallo aka zuƙi nonon a sirinji aka tura shi a hankali, farinsa yana tafiya cikin bututun har ya ɓace a hancinta. Kaka ta dafe baki. Duk yaran da ta gani sun tafi da yunwa, uwa na zaune nono na zuba, ba hanyar da za a ba su. Ga shi wani ya yi wa abinci wata ƙofa.

Ranar Talata aka yi suna babu mu. An yanka rago, an raba goro, maigidana ya zo ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin ya faɗa mini sunan a kunne, ya koma.

Mun yi kwana ashirin da 'yan kai a ɗakin nan. Kaka ta cire awarwaronta ta ƙulle a gefen zane don kada su yi ƙara, ta bar takalmanta a waje. Ni nakan fita in yi wanka da ruwan zafin da ake kawo mini daga gida a tulu, in sha kunun kanwa, in dawo. Ita kuwa in ba salla ba, ba ta motsawa daga gefen gadon. Ta ƙirƙiro wata dabara da kanta: duk lokacin da jikin yarinyar ya sandare, sai ta ja ƙwayar carbi ɗaya. Da likita ya shigo da safe sai ta nuna masa inda ta tsaya. Ranar farko dariya ya yi. Rana ta uku shi da kansa ya miƙa hannu a nuna masa carbin kafin ya duba takardarsa, kuma da shi yake sanin ko zai ƙara magani ko zai rage.

Kwanakin farko carbin kan zagayo har ya wuce. Sau biyu numfashin yarinyar ya tsaya, leɓunanta suka yi shuɗi, Madam ta zuƙe mata majina ta yi ta fama har ta dawo. A ɗayan gadon an kawo wani yaro daga wani ƙauye a bakin kogi, kwanansa biyu ya rasu. Uwarsa ta naɗe kayanta ba ta dube mu ba. Na tabbata mu ne na gaba.

Amma yarinyar nan ba ta tafi ba. Abin da har yau nake juyawa a raina ke nan. Duk jikinta bai fi damtsena ba. Ciwon kan murɗe ta kamar ana matse wanki, in ya sake ta sai ka ga ƙirjinta ya ɗaga, ya sauka, ya sake ɗagawa. Ba ta san kowa ba, ba ta san sunanta ba, ba ta ga hasken rana sosai ba, amma ta riƙe ranta gam. Nakan zauna ina kallon ƙirjin nan har in manta da yunwa.

A mako na biyu carbin ya fara raguwa. Rabi, sannan kashi ɗaya cikin uku, sannan 'yan ƙwayoyi. Wata safiya Kaka ta taɓa ni ta nuna mini hannun yarinyar. Yatsun da suka yi kwana da kwanaki a dunƙule sun buɗe, tafin yana kallon sama.

Ranar kwana goma sha tara, wajen azahar, ina zaune ina tatsa, sai na ji Kaka ta ja numfashi. Na ɗaga kai. Yarinyar tana hamma. Bakin nan da ko auduga ba ta shiga ya buɗe har ina ganin dasashinta da ɗan harshenta, ta yi hammarta a natse kamar wadda ta gaji da aiki, ta rufe, ta ci gaba da barci.

Kaka ta sauka daga kujera ta durƙusa a siminti. Ba ta iya ɗaga murya ba, sai leɓunanta ke motsi: "Allahu akbar. Allahu akbar." Hawaye na bin kumatunta. Ta kama hannuna ta matse har ya yi mini zafi. Ta ce, "Kin gani? Ke ma kin gani, ko idona ne?"

Bayan kwana biyu aka zare bututun, aka ce in gwada ta. Ta lalubo, ta kama, ta ja. Zafin jan nan ya ratsa ni har tafin ƙafa.

Ranar da aka yaye barguna daga tagogi, Kaka ta tare likita da Madam. Ta ce tana da tambaya, kuma ba ta son a ɓoye mata komai don tsufanta. Wane irin tsuntsu ne wannan, kuma da me suka kore shi?

Madam ta fassara. Likitan ya jawo kujera ya zauna. Ya ce ba tsuntsu ba ne. Wata ƙwayar cuta ce da ido ba ya gani, tana zaune a cikin ƙasa da kashin dabbobi, tana iya shekaru a bushe ba ta mutu ba. Ba ta shiga jiki sai ta rauni. Jariri kuwa rauni ɗaya gare shi.

Madam ta tsaya a nan, ba ta son ƙarasawa. Kaka ce ta ƙarasa mata.

"Cibiya."

"E, Dada."

Kaka ta kwance jakarta, ta fito da askar da ƙullin garin, ta shimfiɗa su a cinyarta. Ta faɗi abin da ke cikin garin ɗaya bayan ɗaya, muryarta ba ta rawa. Madam ta fassara tana kallon ƙasa. Likitan ya gyaɗa kai.

Can Kaka ta ce, "Shekara arba'in ina kallon sama. Ashe abin yana ƙasa. Ashe a hannuna yake."

Likitan ya tambayi abin da ta ce. Da ya ji, sai ya yi magana mai tsawo. Ya ce a faɗa mata ba ita kaɗai ba ce. Likitocin Turai ma, da manyan littattafansu, sun daɗe suna lalube. Wasu sun ce hayaƙin ɗaki ne, wasu sun ce iska mai wari ce, wasu sanyi. Akwai waɗanda suka ce kwanciyar rigingine ce ke danne ƙashin kan jariri, har suna ƙoƙarin gyara ƙashin da ƙarfe. Sun ba jarirai magunguna masu sa maye, sun yi musu wankan zafi da na sanyi, yaran suna ta mutuwa a hannunsu. Ya ce shi kansa kakarsa tana da abin da take shafa wa cibiya a ƙauyensu.

Kaka ta saurara har ya gama. Ta ce, "Ki ce masa na gode. Amma nasu matattun ban san su ba. Nawa na san gidajensu."

Da muka koma gida, kwana biyu ba ta ci abinci ba. Tana zaune a ƙofar ɗaki tana ambaton gidaje a hankali, gidan wane, gidan wance, na bayan masallaci, na bakin kasuwar shanu. Na ji ta ambaci namu. Na je na zauna kusa da ita. Ban ji haushinta ba, ko a lokacin, ko daga baya. Hannun da ya barbaɗa garin shi ne ya karɓe ludayi daga hannun gwaggona, mai shi ce kuma ta ce in ɗauki mayafi. Sai na ɗora mata yarinyar a cinya. Ta daɗe ba ta taɓa ta ba, sannan ta sa yatsa a tafin hannunta, yarinyar ta damƙe.

Rana ta uku ta sha kunu, ta yafa zane, ta shiga gidan Madam. Na ɗauka godiya ta je yi. Ashe karatu ta je ɗauka. Mako uku tana bin Madam zuwa ɗakin haihuwa na asibiti, tsohuwa mai furfura a tsaye cikin 'yan mata masu fararen riguna. Ta koyi wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, da dafa zare, da amfani da sabuwar reza ga kowane jariri, da barin cibiya haka nan ba a sa mata komai. Wannan na ƙarshe ya fi ba ta wuya. Ta ce hannunta har ƙaiƙayi yake yi.

Abin da ya fi ɗaure mata kai shi ne allurar da ake yi wa mata masu ciki. Ta dawo ranar tana ta jinjina maganar. "Wai a soki uwa a damtse, kariyar ta bi jini ta sami ɗan da ko fuskarsa ba a gani ba, ya fito da sulkensa. Ikon Allah! Wanda ya gano wannan, ya aka yi ya gano?"

Ranar da na je karɓar tawa allurar, don an ce ko mai jego ana yi mata saboda gaba, ta raka ni. Da aka gama da ni sai ta naɗe hannun rigarta ta miƙa damtse. Ma'aikaciyar ta yi dariya ta ce, "Dada, ke ma haihuwar za ki yi?" Kaka ta ce ba za ta sa 'ya'yan mutane su karɓi abin da ba ta ɗanɗana ba. Madam ta ce a yi mata, ai mai shiga gona ma tana buƙata. Ko ƙifta ido ba ta yi ba.

Ta koma Bogo da kwalin reza da sandunan sabulu. Ba a karɓe ta hannu biyu ba. Wasu tsofaffin sun ce Garuwa ta juya mata kai, wasu gidajen suka daina kiranta, don ta ce ba za ta taɓa haihuwar da za a sa wa cibiya gari bayan ta fita ba. Ba ta yi gardama da kowa ba. In an matsa mata sai ta ce, "Na ga wadda ta kamu ta yi hamma. Ku kun gani?"

Yarinyar ta girma lafiya, ba abin da ciwon ya bar mata. Ta yi jinkirin tafiya kaɗan, amma da ta fara magana ba wanda ya isa ya tsayar da ita. Yau 'ya'yanta huɗu, duk a asibiti ta haife su.

Kaka ta ƙara shekara tara a duniya. Zuwana Bogo na ƙarshe kafin rasuwarta ya faɗo ranar kasuwa. Motarmu na shiga gari na hango ta a gefen hanya, ta rame, ta ranƙwafa, tana dogara sanda. A bayanta mata shida ne ko bakwai masu ciki, Hausawa da Fulani, da wata mai tallan gyaɗa da ta sauke farantinta ta bi su, suna tafe a jere zuwa ɗakin shan magani. Ɗaya ta tsaya gaisawa da wata, Kaka ta juyo ta daka mata tsawa, ta dawo layi da sauri. Na leƙo ta taga na kira ta. Ta ɗaga mini sanda ta ce in wuce gida, tana da aiki, za ta same ni in sun gama.